Kwanonin Iya Barakatu

A garin Kwaya akwai wata yarinya mai saurin tafiya. Kakarta, Kaka Ƙande, ba ta kiran ta da sunanta. “Ƙafafuna” take ce mata, domin duk inda gwiwoyin tsohuwa suka kasa zuwa, yarinyar ce ke zuwa.

Kaka Ƙande tana da ƙawa, sunanta Iya Barakatu. Gidanta yana can ƙarshen gari, bayan tsohuwar rijiya. Ita kaɗai ce a sashenta, sai awakinta. Tun suna ƴammata suke tare da Kaka. Tare suka yi tallar ƙuli-ƙuli, tare suka yi daka. Haƙoransu ma kusan tare suka zube.

Tsofaffin nan biyu suna ciyayya. Kullum da yamma Kaka takan zuba abin da aka dafa a kwano, ta rufe, ta ba yarinyar ta kai wa ƙawarta. Iya Barakatu ta juye, ta wanke kwanon, ta zuba nata abincin, yarinyar ta dawo da shi. A garinsu abin kunya ne a mayar da kwano babu komai a ciki. Ko da ɗan ƙuli ne sai an saka.

Ba abinci kaɗai yarinyar ke kaiwa ba, har da saƙo. Idan gwiwar Kaka ta yi sauƙi sai ta ce, “Ki ce mata gobe mu haɗu a gindin tsamiya.” Nan suke zama su ɓare gyaɗa, su yi ta tsokanar juna har rana ta yi sanyi.

To, ita yarinyar, aiken nan ya ishe ta. Hanya akwai rairayi. Ga Iya Barakatu da tambaya kamar alƙali.

“Ya gwiwar Ƙande? Ta ci abinci? Da yawa ko kaɗan? Akuyarta ta haihu? Wa ya yi mata kitso?”

Kafin yarinyar ta gama amsawa ta dawo, ƙawayenta sun gama carafke, wasan cafe ƴan duwatsu, a ƙofar gida, kowa ta tafi. Ita kuwa a duniya babu abin da take so kamar carafke.

Wata rana bayan girbi Baffa Hamman ya zo daga Magariya a kan babur. Ƙanen baban yarinyar ne, ɗan kasuwa. Ya ce zai yi tafiya mai nisa, zai daɗe. Ya durƙusa gaban Kaka ya miƙa mata wani abu a kwali.

Kaka ta buɗe, ta juya shi, ta leƙa fuskarta a ciki.

“Madubi ka sayo mini, Hamman? Da tsufana?”

“Waya ce, Tsohuwa. Mai shafe-shafe. Da ita za ki riƙa jin muryata, ki gan ni ma.”

“Ina madannanta?”

“Ba ta da su. Shafa ta ake yi.”

“Ikon Allah. Waya sai an lallashe ta kamar jariri.”

Kowa ya yi dariya. Baffa Hamman ya dubi yarinyar ya ce, “Ke ce ƴar lakwal, mai karatun boko. Ke za ki koya mata. Ni zan riƙa sa mata forfe, wato kuɗin data, daga can, kada intanet ya yanke.”

Yarinyar ta ji daɗi ƙwarai. Ta zama malama, Kaka ta zama ɗaliba. Ta nuna mata inda ake dannawa a yi magana, a saki, saƙo ya tafi. Da farko Kaka takan gama gaisuwa kaf, har da ta awaki, sannan ta tuna ba ta danna komai ba. Amma a hankali ta iya.

Ranar da muryar Baffa Hamman ta fito daga wayar, yana cewa ya sauka lafiya, Kaka ta rungume wayar a ƙirji. Ranar da ta ga fuskar jikanta da aka haifa a Agadas, sai da ta yi guɗa. Gaskiya wayar ta kawo farin ciki gidan.

Wata yamma Kaka tana kallon bidiyon wata mata mai koyar da girki. Inna, mahaifiyar yarinyar, ta sauke tuwo. Yarinyar ta tsaya tana jiran a ce mata, “Ƙafafuna, zo ɗauki kwano.” Shiru. Bidiyo ya ƙare, wani ya biyo. Wannan ya ƙare, wani ya biyo. Sai ga kiran magariba.

Kaka ta ɗago kai ta ce, “Af, duhu ya yi. Bari sai gobe a kai wa Barakatu.”

Ran nan yarinyar ta yi carafke har ta ƙoshi. Kuma a nan ne wata dabara ta faɗo mata, irin dabarar da ke da daɗi a farko.

Washegari, tana ganin Inna ta fara kwashe tuwo, sai ta ɗauko wayar da gudu.

“Kaka, kin ga wannan kuwa? Wani raƙumi ne yake shan lemo da kwalba.”

“Ke, bari ƙarya. Mu gani.”

Kaka ta gyara zama. Yarinyar ta sulale ƙofar gida.

Haka ta riƙa yi kullum. Da lokacin kwano ya yi, sai ta kunna wa Kaka wani abu. Inna takan ce wa Kaka, “Iya, kwanon Iya Barakatu fa?” Kaka ta ce, “Bari in gama ganin wannan.” Inna kuwa ga goyo, ga suyar ƙuli, sai ta wuce aikinta.

Ba a daɗe ba, wata yamma ana cikin carafke, sai ga Hammadu mai amalanke. Shi ke sayar da ruwa a gari da jakinsa. Ya tsaya a ƙofar gida, ya miƙo kwano a rufe.

“Ga shi, in ji Iya Barakatu. Ta ce a gaida Ƙande. Ta ce ko lafiya ta ji shiru?”

Yarinyar ta karɓa. Idan Kaka ta ga kwanon nan za ta tuna, kuma aike zai dawo. Ta buɗe murfin. Dambun zogale ne, ya sha ƙuli da mai, yana ta ƙamshi.

Ta dubi ƙawayenta. Su ma suka dube ta.

Ba sai an faɗa ba. Kafin jakin Hammadu ya sha kwana, dambu ya ƙare.

Saura kwano. Ba ta iya shiga da shi gida. Ba ta iya mayar da shi babu komai. Sai ta zagaya bayan ɗaki, inda rumbun gero yake tsaye a kan duwatsu. Ta tura kwanon can ƙarƙashi, ta ja kara ta rufe.

Washegari Hammadu ya sake zuwa da wani kwanon.

“Ta ce ina na jiya?”

“Kaka ta ce sai gobe,” in ji yarinyar. Ƙarya ta fito mata da sauƙi, har ita kanta ta yi mamaki.

Kwano ya bi kwano. Mai fure ya zo, mai shuɗin baki ya zo, mai lotsattsen gindi ya zo. Duk suka taru a ƙarƙashin rumbu. Daga baya Hammadu ya daina tsayawa. Sai dai ya wuce yana kaɗa jakinsa.

A cikin gida kuwa Kaka ta fara canzawa.

Baffa Hamman ya sa ta a gurup na dangi. Daga nan wata ta sa ta a wani, wani ya sa ta a wani. Wayar ba ta hutawa. Mutanen da Kaka ba ta taɓa gani ba suna ta turo saƙon murya. Wannan ya ce duk mai ciwon gwiwa da safe, wata muguwar cuta ce ke cin sa. Wancan ya ce mota ta faɗi a hanyar arewa. Wata ta turo hoton biki, shinkafa da kaji tuli, mata sun sha gwal.

Kaka tana jin kowane saƙo har ƙarshe, domin a ganinta rashin kunya ne mutum yana magana a katse shi. Kuma duk abin da ta ji sai ta ɗauka.

Ta fara yawan taɓa gwiwarta cikin damuwa. Idan Baffa Hamman ya yini bai yi magana ba, sai ta ce, “Motar nan da ta faɗi, Allah ya sa ba ya ciki.” Idan an kawo mata tuwo sai ta dube shi ta ce, “Mu dai kullum kuka.” Ta ci loma kaɗan ta ture.

Ta daina fita gindin tsamiya. Ta daina tsokanar Inna a kan gishirin miya. Da safe idonta ja, ta ce barci bai zo ba. Ko “Ƙafafuna” ta daina cewa. Sai dai, “Ke, zo ki duba mini, wayar nan ta yi duhu.”

Wata rana Inna ta ce, “Iya, an kwana biyu ba a kai wa Iya Barakatu kwano ba.”

Kaka ta ce, “Ƙyale ta. Ni na yi sakaci, na yarda. Amma ita ko aike ba ta yi ba ta ji ko ina raye.”

Yarinyar tana tsakar gida tana jin su. Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da wanke allonta na lakwal, wanda tuni ya fita tas.

Baba, mahaifin yarinyar, ya ɗauki Kaka a babur ya kai ta gidan likita a Magariya. Da suka dawo Inna ta tare shi.

“Me suka ce?”

“Sun auna ta. Sun ce gwiwa tsufa ne, ba wata cuta. Sai likitan ya tambaye ni wai da wa take hira.”

“Ka ce da wa?”

“Na ce da waya. Ya ce damuwa ce ke cin ta, a samo mata mutane.” Baba ya cire hula ya sosa kai. “Gida cike da mutane, a ce a samo mata mutane.”

A lakwal kuwa, malaminsu, da suke kira Mushe Adamu kamar yadda ake kiran malaman lakwal, ya ba su aiki. Ya ce kowa ya je wurin wani tsoho ko tsohuwa ya koyo waƙar aiki ta da, ya zo ya rera a kilas. Ta noma, ta daka, ta niƙa, duk wadda ta samu.

Yarinyar ta yi murna. Wa ya kai Kaka waƙar daka? Ta dawo gida da gudu.

“Kaka, Mushe ya ce ki koya mini waƙar daka.”

Kaka ba ta ɗago ba. “Ki duba a waya. Komai yana ciki.”

“Taki nake so. Wadda kike yi da.”

Kaka ta ajiye wayar a cinya. Ta daɗe tana kallon turmin da ke kife a gefen ɗaki.

“Waƙar nan ba ta yiwuwa da baki ɗaya,” ta ce. “Ni ke bayarwa, Barakatu ke amsawa. Tun muna kamar ke haka muke yi. Yanzu kuwa ta manta da ni. Ƙawar da ta rage mini ke nan a duniya.”

Sai ta sa gefen zane ta goge ido.

Yarinyar ba ta taɓa ganin Kaka tana hawaye ba. Ta so ta yi magana, tsoro ya hana ta. Ran nan ƙawayenta sun kira ta carafke, ta ce kanta na ciwo.

Ranar waƙa ta zo. Yara suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yi ta noma har da rawa, kilas ya kaure da dariya. Da aka zo kan yarinyar, sai ta tashi ta sunkuyar da kai.

“Ina taki?” in ji Mushe Adamu.

“Ban samo ba, Mushe.”

“Ke da kike gida ɗaya da Kaka Ƙande? Zauna. Ki jira ni in an tashi.”

Da kowa ya fita, Mushe ya jawo benci ya zauna kusa da ita. Bai ɗauko bulala ba. Tambaya ɗaya ya yi mata, sai magana ta ɓalle. Ta faɗa masa komai: carafke, bidiyon raƙumi, dambun zogale, har da ƙarƙashin rumbu.

Mushe Adamu ya saurare ta har ƙarshe. Sannan ya ce, “Dambun ya yi daɗi?”

“Ya yi, Mushe.”

“Yanzu fa?”

“Yanzu ko tunawa na yi sai kunya ta kama ni.”

“To, kin ga. Bari in tambaye ki. Wayar nan ta taɓa tambayar Kaka ya gwiwarta?”

“A'a.”

“Ta taɓa tambaya ko ta ci abinci, da yawa ko kaɗan?”

Yarinyar ta girgiza kai. Waɗannan ai tambayoyin Iya Barakatu ne, waɗanda suke ba ta haushi.

“Waya aba ce mai amfani,” in ji Mushe. “Tana kawo muryar wanda ke nesa. Amma tana kawo tsoro da ƙarya ma, kuma tsoho idan yana zaune shi kaɗai, babu mai ce masa wannan ƙarya ce. Damuwa ciwo ce, ko da ba ta fito da ƙurji ba. Kwanon da kike kaiwa ba tuwo kaɗai ne a ciki ba.”

“Mushe, ko za ka je ka faɗa musu?”

“Ni na ɓoye kwanonin?”

“A'a.”

“To, wanda ya tura su ciki shi zai jawo su waje.”

Yarinyar ta kama hanyar gida. Yau saurin nan nata babu shi. Tana tafe tana shirya abin da za ta ce. Da ta shawo kwanar gidansu sai ta tsaya cak. Ga amalanken Hammadu a ƙofa. Ga Iya Barakatu tana saukowa daga tsakanin jarkokin ruwa, da sandarta, ta sha ɗaurin ɗankwali irin na zuwa faɗa.

Iya Barakatu ta yi sallama ta shiga. Yarinyar ta bi bayanta kamar kazar da ruwa ya daka.

Kaka tana kan tabarma da waya a hannu. Baba yana gyaran igiyar akuya. Inna tana bakin murhu. Aka gaisa, gaisuwa gajera, ba irin ta da ba.

“Ƙande, ba zama na zo yi ba,” in ji Iya Barakatu. “Kwanonina na zo karɓa.”

“Waɗanne kwanoni?”

“Waɗanda nake aiko miki. Na ji an ce kin yi waya, kin yi sababbin ƙawaye a ciki. Allah ya sanya alheri. Amma ki ba ni kayana.”

Kaka ta miƙe zaune. “Ke kika aiko mini? Yaushe? Ni da nake nan ina cewa kin yar da ni?”

“Ni na yar da ke? Hammadu yana waje, a kira shi.”

Muryoyi suka fara tashi. Baba ya saki igiya. Yarinyar ta ga abin da ta ɓata yana shirin fashewa a gabanta. Idan ta yi shiru yanzu, tsofaffin nan za su rabu da fushi.

“Ni ce,” ta ce. Muryar ta fito ƴar ƙarama. Ta sake cewa, “Ni ce. Ku tsaya ku gani.”

Ta zagaya bayan ɗaki. Ta kwanta rub da ciki, ta kutsa ƙarƙashin rumbu. Ta fara jawo kwanoni tana jerawa a tsakar gida. Mai fure. Mai shuɗin baki. Mai lotsattsen gindi. Kanta duk yanar gizo da ƙaiƙayi. Tana jerawa tana faɗin abin da ta yi, tana kuka, ba ta rage komai ba.

Inna ta riƙe haɓa.

Kaka ta miƙa hannu ta ɗauki wani ƙaramin kwano, duk fentinsa ya goge. Ta juya shi.

“Barakatu, wannan ai shi ne kike cin abinci a ciki.”

“Shi ne na ƙarshe,” in ji Iya Barakatu. “Da sauran suka ƙare sai na aiko da shi. Na ce ko ba ki da lafiya ne, kada ki kwana ba ki ci dambuna ba.”

“To, ke a me kike ci?”

“A murfin tukunya.”

Kaka ta rufe fuska da zane. Iya Barakatu ta yar da sanda, ta zauna a tabarma kusa da ita, ta dafa ta.

“Ke ma kin rame, Ƙande. Dubi wuyanki kamar na zabuwa.”

“Naki fa? Kin ga kanki kuwa?”

Sai ga su suna dariya da hawaye a fuska.

Yarinyar ta koma ta jawo kwano na can ƙurya. Sai ga kaza ta fito fur tana kyarkyara. A cikin kwanon akwai ƙwai, da ɗuminsa. Ashe kazar Inna ta daɗe da samun ɗaki.

Iya Barakatu ta leƙa ta ce, “To, madalla. A gidan nan kaza ce kaɗai ta san ba a mayar da kwano haka nan.”

Har Baba sai da ya juya baya ya yi dariya. Amma da ya juyo, fuskarsa babu wasa.

“Zo nan,” ya ce wa yarinyar. “Kin ci abincin da ba naki ba. Kin yi wa Hammadu ƙarya. Kin bar kakarki cikin damuwa don carafke. Me ya kamata ki yi?”

Yarinyar ta durƙusa gaban tsofaffin. “Kaka, ki yafe mini. Iya, ki yafe mini. Ba zan ƙara ba.”

“Na yafe,” in ji Kaka. “Ni ma da laifina. Ba ke kika ɗaure mini ido a kan wayar ba.”

“Ni ban yafe ba tukuna,” in ji Iya Barakatu. “Sai kin wanke su da toka, ɗaya bayan ɗaya. Kuma kowane zai koma gidana da abinci a ciki, a kanki, ba a amalanke ba.”

“Kuma babu carafke sai na ƙarshe ya koma,” in ji Baba. “Je ki ba Hammadu haƙuri tun bai tafi ba.”

Ta je ta ba shi haƙuri. Ta dawo ta zauna bakin randa da toka da soso. Tana wanki, wayar Kaka ta yi ƙara. Kaka ta danna. Muryar wani mutum ta fito, yana cewa duk wanda ya haura shekara sittin kada ya ƙara cin gyaɗa, in ba haka ba hanjinsa zai toshe.

Kaka ta dubi ƙawarta da tsoro. “Kin ji irin abin da nake ji kullum.”

Iya Barakatu ta karkata kunne. “Wannan ɗan gidan wa ne?”

“Ban sani ba.”

“A wane gari yake? Likita ne?”

“Ban sani ba.”

“Ba ki san ubansa ba, ba ki san garinsu ba, shi ne zai hana ki barci? Ƙande, mu da muka girma a kan buhun gyaɗa?” Ta kwance bakin zanenta, ta ɗebo soyayyar gyaɗa, ta zuba wa Kaka a hannu. Haƙoran ba su da yawa, amma suka yi ta fama da ita suna dariya.

A ranar Kaka ta sa Baba ya fitar da ita daga duk gurup ɗin da ba ta san mutanensa ba. Aka bar na dangi kawai. Ta kuma kafa doka da bakinta: idan Inna ta fara kwashe tuwo, waya ta shiga ƙwarya a rufe ta da faifai.

Kafin Iya Barakatu ta tafi, yarinyar ta matso a hankali.

“Iya, Mushe ya ce mu koyo waƙar daka. Ni kaɗai ce ban kai ba.”

Tsofaffin suka dubi juna. Inna ta tayar da turmi ta zuba gero. Ita da yarinyar suka ɗauki taɓare. Kaka ta gyara murya ta bayar, Iya Barakatu ta amsa. Muryoyin sun tsufa, suna rawa, amma ba su saɓa ko sau ɗaya ba. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan danga.

Baba ya ɗauki wayar ya naɗi waƙar, ya tura wa Baffa Hamman. Ba a jima ba amsa ta zo. Baffa yana dariya yana cewa, “Tsohuwa, rabon da in ji wannan tun ina yaro. Iya Barakatu, ina gaisuwa.”

Iya Barakatu ta karɓi wayar da hannu biyu. “Ashe abin yana da hankali wani lokaci,” ta ce. “Ina ake dannawa? Ina da tambayoyin da zan yi masa.”

Yarinyar ta rera waƙar a kilas, ita tana bayarwa, sauran yara suna amsawa. Mushe Adamu ya ce a tafa mata.

Ta koyi darasin da ba ta manta ba. Ƙarya ƙarama tana iya raba manyan masoya. Waya tana da amfani, amma ba ta maye gurbin mutum. Tsofaffi suna bukatar a zauna da su, a tambaye su, a saurare su, kamar yadda suke bukatar abinci.

Yanzu Kaka tana barci, tana cinye tuwonta, ta koma tsokanar Inna a kan gishiri. Da yamma, idan an rufe waya da faifai, sai a ji muryarta daga ɗaki.

“Ƙafafuna, zo ɗauki kwano.”

Yarinyar ta ɗauka ta bi rairayi. Idan ta isa, ba ta tsayawa a bakin ƙofa kamar da. Takan zauna a tabarma ta jira.

“Ya gwiwar Ƙande?” in ji Iya Barakatu.

“Da sauƙi, Iya.”

“Ta ci abinci? Da yawa ko kaɗan?”

“Da yawa. Ta ce in tambaye ki, ke fa, kin ci?”

Iya Barakatu ta ɗaga ƙaramin kwanonta mai gogaggen fenti, ta nuna mata cikinsa. Ta cinye tas.